Tsanin Mushe da Amaryar Gidanmu

Har yau in mutum ya zo mini da magana ya fara da "an ce", sai in ji bakina yana ƙaiƙayi. Jikokina sun san halin, shi ya sa kafin su ba ni labari sukan fara rantsuwa cewa da idonsu suka gani. Ba laifina ba ne. Wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya ɗora mini wannan ciwo a Matameye, a shekarun nan na hamsin, lokacin Faransawa na kan mulki, ina yaro, kuma har na tsufa ban warke ba.

Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal. Mutumin Damagaram ne, ɗan gidan fatake, siriri mai dogon wuya, yana da keke wanda ƙararrawarsa ta daɗe da mutuwa, sai dai ya yi ta tari in yana son a ba shi hanya. A cikin kilas ba a yin Hausa, wanda bakinsa ya suɓuce ya san sauran. Mu kuwa hadda muke yi kamar aku. Mun iya rera sunayen kogunan ƙasar Faransa daga farko har ƙarshe, amma da za a ce mu nuna inda ruwan fadamar garinmu yake fitowa, sai mu yi ta kallon juna. Mushe ya san haka, kuma abin yana cin ransa.

Ranar Alhamis ba karatu, sai ban ruwa a garkar lakwal da safe. In mun gama mukan zauna a inuwar wani gawo, a nan yake ajiye Faransancin ya yi mana Hausa, Hausar Damagaram mai daɗin ji. Kusa da gawon akwai rumbun lakwal, an jingina masa tsani irin na da, gungumen ice guda da aka sassaƙa wa matakai huɗu. Wannan tsani shi ne allonsa na ranar Alhamis. Duk wanda ya kawo magana, sai ya ce masa, "Tashi ka hau, mu ga inda maganarka ta tsaya."

Ranar da na fara gane abin, wani yaro ne ya ce in yaro ya ci ƙwai ɓarawo zai zama. Dukanmu mun san haka, ba wanda ya yi mamaki. Mushe ya sa shi ya taka matakin farko.

"Wa ya gaya maka?"

"Innarmu."

"Madalla. Kana kan matakin an ce. Ba abin kunya ba ne, kowa ta nan yake farawa, ni ma ta nan na fara. Abin kunya shi ne mutum ya shimfiɗa tabarma a nan ya kwana. To, ka taɓa ganin wanda ƙwai ya mai da shi ɓarawo?"

Yaron ya ce ya dai taɓa ganin ɓarawon da aka kama a kasuwa, amma bai tambaye shi abin da ya ci yana yaro ba. Muka bushe da dariya. Mushe ya ce ke nan ba shi da ikon taka mataki na biyu, don na biyu na wanda ya gani da idonsa ne. Sai ya juyo gare mu ya ce iyayenmu mata ba wawaye ba ne, ba za su yi ta faɗin magana haka kawai ba, me ya kawo ta? Can wani yaro ɗan Dungu, wanda ba ya cika magana ba, ya ce in yaro ya san daɗin ƙwai, kaza ba za ta ƙara ƙyanƙyasa ba a gidan. Mushe ya yi murna har ya ɗauke shi cak ya ɗora a mataki na uku, ya ce nan ne wurin mai neman dalili.

Na huɗu kuwa ba ya yawan barin mu hau, yakan ce akwai jiri a can. Amma ranar ya nuna mana shi. Ya ce in ka sami magana, ka ɗauke ta ka kai ta wani gida, ka ga ko za ta zauna. Ga ɗan Baturen kumandan mai mulkin gari, kowa ya san kullum da safe sai kuku ya soya masa ƙwai. Ɓarawo ne? Muka ce a'a. Wani daga baya ya ce ƙasa-ƙasa, a dai jira ya girma tukuna. Mushe ya yi tarin nan nasa na keke, ya ce a tashi a wanke hannu.

Yara da ɗoki, sai muka kwashi tsanin muka kai gida. Ba a yi mako ba wani abokinmu ya zo da kunne a kumbure. Ubansa ya ce an ce gyaɗa za ta yi tsada bana, shi kuma ya buɗe baki ya ce, "Baba, ka gani ko ka ji?" Mushe ya duba kunnen, ya girgiza kai, ya ce laifin nasa ne da bai gaya mana ba. Ya ce ba kowane bango ake jingina wa tsani ba, sai ka duba bangon tukuna, kuma tambaya ma tana da sallama kamar shiga gidan mutane.

A gidanmu a lokacin, mai faɗa a ji ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, haƙoranta jajaye da goro, bakinta kuwa ya fi wuƙar wanzami kaifi. Baba da gemunsa da girmansa, in ta yi magana sai ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai ne ba na tsoronta, don wasan jika da kaka ya ba ni dama. Maigida take kirana. Kullum sai ta kai ƙarata cewa na aure ta na bar ta ba zane ba cefane, ni kuma in ce ta tsufa, sakinta zan yi in auro 'yar Kantche. Sai ta jefe ni da ɓawon gyaɗa, ta miƙo mini tsakin kuka ko guntun rogo daga ƙarƙashin faifai. Ina sonta ƙwarai, kuma ta san haka.

Irin geron gidanmu a hannunta yake. Ita ke zaɓen zangarniya masu kyau tun a gona, ta rataye su a ɗakinta inda hayaƙi zai hana ƙwari, ba wanda yake taɓawa. Ranar shuka ita ke zama a bakin ƙofa ta zuba wa kowa nasa a ƙwarya, kuma ƙwaryar farko takan ba wanda ta fi yarda da hannunsa. Shekara da shekaru Inna ce take karɓa.

Bayan girbi na wata shekara aka yi wa yayana aure, aka kawo amarya daga Ɗan Barto, har da dammunan rake a cikin kayan gara. Yarinya ce mai wushirya, mai yawan dariya, in tana daka sai ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta sauko. Tun da al'ada ta hana ta kiran sunana, sai ta raɗa mini ɗan lakwal. Takan ajiye mini ƙanzo, ni kuma in biya ta da labarin ranar Alhamis. Tsanin nan ya shiga ranta fiye da yadda ya shiga ran wasu 'yan kilas ɗinmu. Ina shigowa za ta ce, "Ɗan lakwal, yau mataki na nawa ka hau, ko dai a ƙasa ka wuni?"

Da sanyi ya shigo sai kajinmu suka fara mutuwa, ka ga kaza da safe tana kiwo, da yamma ta saki fukafukai ta kife. Kafin a ankara akurki ya zama wayam. Ba a daɗe ba jakin Baba ya kwanta bai tashi ba. Da bazara ta kama, rijiyar garkarmu ta rufta, dole aka bar albasa da tumatir suka bushe. Tun mutuwar kaji Kaka ta fara kallon amarya ta wutsiyar ido. Ranar da rijiya ta rufta ta fito da abin fili. Ta ce yarinyar nan farar ƙafa gare ta, irin matan da in suka shiga gida arziki yake fita ta bayansu. Ta ce kafin ruwan shuka ya sauka a mai da ta gidansu, ba za ta taka mata gona ba.

Baba ya ce, "A yi haƙuri, Iya," ta ce ba da shi take shawara ba. Yaya kuwa ba shi da bakin magana. Saurayi ba ya tsayawa gaban iyaye ya nuna yana son matarsa, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya rame a tsaye, ya riƙa fita tun asuba ba ya dawowa sai magariba. Aka tsai da magana cewa wata ranar kasuwa, in mutanen Ɗan Barto sun zo cin kasuwa, za a haɗa ta da su.

Amarya ta daina cilla taɓarya. Ta daina bi ta wajen garken awaki, ta riƙa zagayawa ta bayan ɗaki don kada a ce ta gitta. Wata rana na shigo na same ta tana tsince wake, ta miƙo mini ƙanzo ba ta ɗago kai ba. Har na juya sai ta ce, "Ɗan lakwal, kai da kake hawa tsani, ko da gaske ne? Ko ni ce?" Wannan tambaya ta ƙona mini rai. Da faɗa take yi ko kuka, da zan iya jurewa. Amma ta fara yarda, shi ne abin da ya hana ni cin ƙanzon.

Alhamis ta zagayo, da yara suka watse na tsaya ina wasa da guga. Mushe ya ce me ya faru. Na ce a wani gida ne, ba namu ba, aka kawo amarya, na kwashe labarin na gaya masa. Matameye ta lokacin ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan, na tabbata ya san gidan, amma bai nuna ba. Na zaci zai ce camfi ne, ya ɗauki keke ya je ya yi wa Kaka bayani. Bai yi haka ba. Ya ce shi baƙo ne, in ya sa baki a maganar gidan mutane sai ya ƙara ɓata ta. Sai ya fara jefo mini tambayoyi. Kajin wannan gida kaɗai suka mutu? Na ce ban sani ba. Jakin shekararsa nawa? Ban sani ba. Wa ya leƙa rijiyar bayan ta rufta? Ban sani ba.

"To kai ma kana matakin farko, kai da tsohuwar," in ji shi. "Ita ta ce ƙafa ce, kai ka ce ba ƙafa ba ce, dukanku ba wanda ya je ya duba."

Na ji haushi. Da zan tafi ya ƙara da cewa, "A gidan nan da ba naku ba, akwai wanda zai iya gaya wa tsohuwar magana ba a kumbura masa kunne ba?" Na yi murmushi, shi ma ya yi.

Na shiga aikin bincike kamar wanda aka ɗauka haya. Na bi unguwa gida-gida da sunan neman abokai, ina leƙa akurki. Ashe kaji sun mutu a gidan liman, sun mutu a gidan maƙera, sun mutu har can bakin gari inda amarya ba ta taɓa zuwa ba. Yaron nan ɗan Dungu ya ce su ma ba su da ko tsako. Jaki kuwa, wani tsoho maƙwabcinmu ya ce tare da shi aka je sayensa tun ba a haife ni ba, ya ma yi mamakin da ya kai haka. Rijiya na je da kaina na kwanta rub da ciki na leƙa. Itatuwan da aka tokare bakinta da su gara ta cinye cikinsu, na ɓalle wani guntu da yatsa biyu ya marmashe. Na ƙulle shi a gefen riga na kawo gida, ina ji kamar na kamo zaki.

Na sami Kaka da la'asar a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin tasa. Zafi ake yi mai tsanani, gabas ta fara tara gajimare. Na zauna na ce, "Tsohuwa, na zo mu yi shari'a."

"Maigida ya tuna da matarsa. Ina zanen?"

"Sai kin ci shari'a. Kajinmu da suka mutu, kin san na gidan liman ma sun mutu? Da na maƙera, da na Dungu?"

Ba ta ko ɗago ba. "To, ashe ƙafar tata doguwa ce."

Na haɗiye wannan, na kawo maganar jaki, na ce ya girme ni, haƙoransa ma sun ƙare. Ta ce ai bara ma tsoho ne, me ya hana shi mutuwa bara, sai da ta zo? Na kwance gefen riga na nuna mata icen da gara ta ci. Ta murza shi a tafin hannu, ta hure, ta ce gara ta daɗe a garin nan tun kafin Nasara, wa ya aike ta rijiyarmu bana? Tana faɗa tana dariya, ta ga ta ɗaure ni. Gaskiya kuwa ta ɗaure ni. Duk wahalar da na sha a rana, tsohuwar nan ta watsar da ita da baki ko zarenta bai tsinke ba. Da a lakwal take, da mu duka ta fi mu.

Saura mini mataki ɗaya, wanda Mushe ya ce akwai jiri. Na ce, "To bari mu kai maganar nan taki wani wuri mu gani. Kin ce duk amaryar da aka kawo aka yi asara a bayanta, ƙafarta ce."

"Haka na ce."

"Shekarar da aka kawo Inna ba a yi asarar komai ba?"

Ta ce gobara ta ci rumbu guda, amma wannan tsautsayi ne, yara ne suka yi wasa da wuta. Na ga ƙofa ta buɗe, daɗi ya kama ni, na ce cikin tsokana, "To ke fa, amaryata? Shekarar da aka kawo ki gidan nan me aka yi?"

Mazarin ya tsaya. Ban san komai game da wannan shekara ba, Allah ne shaida, tsokana ce kawai irin wadda muka saba. Na jira ɓawon gyaɗa, bai zo ba. Ta zuba wa audugar ido, fuskarta ta zama wata iri, kamar ba ta san ina wurin ba. Can ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, yaro." Tunda nake ba ta taɓa ce mini yaro ba. Na tashi sumui-sumui na fita.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta tsokane ni ba, ba ta ci abincin kirki ba, maganar mai da amarya kuma tana nan ba ta janye ba. Na ga na yi biyu babu, ban ceci amarya ba, na kuma rasa kakata. Na gaya wa Mushe, wannan karon ban ce wani gida ba. Ya ce shi ma bai san abin da na taɓo ba, kuma ba zai yi mini ƙaryar cewa komai zai yi daidai ba. Ya tambaye ni ko don in kunyata ta na yi tambayar. Na ce a'a. Ya ce to in ci gaba da gaishe ta safe da yamma ko ba ta amsa ba, in bar ta ta yi nata tunanin, don ba a hawa tsani a madadin wani.

Ana gobe kasuwa, da yamma, hadari ya haɗo aka kece da ruwa, ruwan shuka na sosai. Gari na wayewa Baba da Yaya suka saɓa sungumi suka yi gaba don su fara sara. Mu masu zuba iri muka taru a ƙofar ɗakin Kaka, ni da Inna da ƙannena. Amarya tana ƙofar nata ɗakin, ta riga ta ƙulle kayanta a zane tana jiran rana ta ɗaga a raka ta kasuwa. Kaka ta fito da buhun iri da ƙwarya, ta zauna. Ta cika ƙwaryar farko. Inna ta matso ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, Kaka ta ce ta dakata.

"Ke 'yar nan, zo nan."

Amarya ta zo ta durƙusa nesa kaɗan. Kaka ba ta kalle ta ba, irin take kallo, tana juya shi da yatsa.

"Ni ma bayan girbi aka kawo ni gidan nan," ta ce. "Damina ta zo, ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye. Aka yi yunwar da ba na son tunawa. Uwar mijina ta ce ƙafata ce. Ɗana na fari a bayana ya cika, nono ba ruwa, ta ce ƙafata ce. Har ta mutu ba ta bar ni na taɓa iri ba. Ni kuma na yarda. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na yarda ni na kashe ɗana."

Inna ta kau da kai tana share ido da bakin zane.

"Sai wannan mijin banzan ya zo yana yi mini shari'a," ta ci gaba, ta nuna ni da haɓa. "Na yi ta juya abin a raina. Yunwar nan ta ci Damagaram, ta ci Daura, ta ci Kano, mutane suka yi ta zuwa daga arewa suna faɗuwa a hanya. Ni kuwa ko Kantche ban taɓa zuwa ba a lokacin. Ƙafar 'yar yarinya ina za ta kai can? Allah ne ya kawo abinsa, ya kuma ɗauke. Ungo."

Ta miƙa mata ƙwaryar. Amarya ta kasa karɓa, hawaye na zuba. Kaka ta ce, "Karɓi mana, hannuna ya gaji. Ki je ki bi bayan mijinki. Ki kwance kayan nan kuma, kin tare mana hanya da su."

A hanyar gona Kaka ta dafa kafaɗata muna tafe a baya, ƙasa na ƙamshin ruwa. Ta ce, "Maigida, a tsanin malamin nan naku, ni yanzu ina mataki na nawa?" Na ce na huɗu. Ta ce to ba ta ga abin fahariya ba, tun da tsohuwa ma ta hau, kuma har yanzu tana bina zane. Na ce sai na yi shawara da 'yar Kantche. Ta ranƙwashe ni a ka, ranƙwashin da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Da muka isa, Yaya yana gaba yana sara. Ya waiwayo ya ga wadda ke biye da shi da ƙwaryar farko, ya yi sauri ya mai da kai ga aikinsa don kada Baba ya ga fuskarsa, amma sungumin ya ƙara sauri. Amarya tana zuba iri a rami tana rufewa da diddige, rami bayan rami, Kaka na zaune a gindin gawo tana kallo. Baba bai tambayi kowa komai ba, ya dai je ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa, ya daɗe a durƙushe.

Da na ba Mushe labari bai ce ya yi nasara ba, bai kuma ce na yi ba. Ya ɗan juya baya yana gyara sarƙar kekensa wadda ba abin da ya same ta. Ranar kasuwa ta gaba ya sayi goro fari manya ya ba ni, ya ce in kai wa Kaka in ce ɗalibinta yana gaishe ta. Ta karɓa ta ce yaron yana da hankali, sai dai a gaya masa ya riƙa cin abinci. Bayan shekara biyu ko uku aka ɗauke shi zuwa wani gari, ban sake ganinsa ba. Kogunan Faransa duk sun tsiyaye daga kaina, tsanin nan ne kawai ya zauna.

In na ba da wannan labari, mutane sukan tambaye ni ko gonar ta yi kyau a shekarar. Ba na amsawa. In na ce ta yi, za su ce ashe ƙafar alheri gare ta, mun koma inda muka fito ke nan. Abin da zan iya faɗa, wanda na gani da idona, shi ne amarya ta tsufa a gidanmu, kuma da Kaka ta rasu, a ɗakin amaryar aka koma rataye iri. Duk amaryar da aka kawo gidan, daminarta ta farko ita take ba ƙwaryar farko, ko shekarar ta zo da me. Matata ma daga hannunta ta karɓa, a shekarar da fari ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, kuma ba wanda ya kalli ƙafarta.